Ni Za Ka Raina?

Duk wanda ya taɓa zama zauren sulhu a ƙasar Ƙonni, ko ya tsaya bakin komisariya ranar kasuwa, ya san daga inda mai laifi yake ɗauko bayaninsa. Wuƙa ko gora sai can ƙarshen labari suke shigowa. Farkonsa wani kallo ne da aka yi masa, ko wata kalma da aka yar a gaban mutane. "Ranka ya daɗe, rena ni ya yi." Daga nan manya za su shiga lissafin jini da kuɗin magani, shi kuwa wanda ya yi saran yana nan a kan maganarsa ta farko, a ransa ya gama kare kansa. Masu sauraro ma za ka ga wasu sun ɗan gyaɗa kai. Ba su goyi bayan saran ba, dalilin ne suka gane. Da ya ce yunwa ce ta sa shi, da an ƙaryata shi. Da ya ɗora wa Shaiɗan, da an ce kowa haka yake faɗa. Raini kuwa babu wanda bai san ɗacinsa ba.

To wane irin mutum ne raini yake tunzurawa har ya zubar da jini? Wanda yake ganin kansa ba kowa ba ne, ko wanda yake ganin babu kamarsa?

Masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun kwashe shekaru suna jayayya a kan wannan. A 1986 jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti na musamman, bisa nacin wani ɗan majalisarta mai suna John Vasconcellos, don ya nemo hanyar da za a ɗaga darajar mutane a idon kansu. Shi a ganinsa sata da shaye-shaye da duka da faɗuwa jarrabawa duk tushensu ɗaya, wato mutum ya raina kansa, kuma in aka koya wa yaro ganin ƙimarsa an yi masa rigakafin waɗannan duka. Rahoton kwamitin ya fito a 1990, makarantu suka rungumi abin, aka shiga yabon yara ko sun yi abin yabo ko ba su yi ba. Sai a 1996 Roy Baumeister da abokan aikinsa biyu, Laura Smart da Joseph Boden, suka bi bayanan masu kisan kai da masu dukan mata da 'yan daba da azzaluman shugabanni, suka ce ba su ga masu raina kansu a cikinsu ba. Mutanen da suka gani sun kai kansu can sama, sannan wani ya zo ya taɓa wannan matsayin. Bayan shekara biyu Baumeister da Brad Bushman suka gwada maganar a kan ɗalibai. Aka sa kowa ya rubuta ɗan sharhi, aka yaba wa wasu, aka kushe wasu kushewar wulaƙanci, sannan aka ba kowa dama ya aika wa wanda ya duba rubutunsa ƙara mai kashe kunne, gwargwadon yadda ya so. Waɗanda suka fi murɗa ƙarar su ne masu son kansu da yawa da aka kushe.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan akwai yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, waɗanda masana suke bin rayuwarsu tun suna jarirai. A 2005 da 2006 Brent Donnellan da Kali Trzesniewski da abokansu suka fitar da sakamakon da ya nuna cewa yaran da suka tashi suna raina kansu sun fi shiga faɗa, kuma da suka girma sun fi tsayawa gaban alƙali. Kowane ɓangare da hujjarsa a hannu. Ni a nawa ganin, wani kaso mai yawa na wannan gardama laifin ma'auni ne. Akasarin binciken ya dogara ga jimloli 10 da Morris Rosenberg ya tsara a 1965, inda mutum yake faɗin ko ya gamsu da kansa, ko yana ganin yana da amfani. Dattijon da ya natsu da kansa da saurayin da yake cika baki duk za su iya ba da amsa iri ɗaya a wannan takarda, alhali ko yaron goye ya san ba ɗaya suke ba.

Hausa ba ta taɓa zuba su a buhu ɗaya ba. In muka ce wane ya san ciwon kansa, ko yana da kamun kai, ko ya san darajar kansa, yabo ne. In muka ce yana da girman kai, yana ɗaga kai, yana fankama, yana homa, zagi ne. Tsakanin biyun akwai "ji da kai", wanda sai ka saurari muryar mai magana kafin ka san inda ya dosa: budurwa mai ji da kanta ana iya nufin ba ta tsayawa da kowane ɗan tasha, ana kuma iya nufin ba ta gaida manya. Duk waɗannan farashi ne da mutum ya yanka wa kansa.

Mutunci ba ya cikin wannan layin, don shi a hannun mutane yake. Dubi aikatan da muke haɗa shi da su. Ana cin mutunci, ana zubar da shi, ana kare shi, ana rabuwa da shi a tsakani, mutum yakan ma saya wa kansa. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a idon Bahaushe wadda aka buga a 1974, ya lissafa shi cikin halaye 10 tare da gaskiya da amana da kunya da haƙuri. Amma akwai wani lungu a kalmar da ya fi jan hankalina. In aka ce "wane ba shi da mutunci", ba ana nufin mutane sun ƙi girmama shi ba. Ana nufin shi ne ba ya girmama mutane. Harshen ya riga ya yanke hukunci cewa wanda ba ya bayarwa ba shi da shi. Haka mai shirin faɗa yake cewa "yau zan yi maka rashin mutunci": da bakinsa yake sanar da cewa zai ajiye nasa a gefe don ya samu damar cin naka. Ke nan ya san abin da zai yi asara, ya kuma ga cewa biyan buƙatar ta fi.

Wanda ya san cinikin albasa a Galmi zai fi saurin gane inda rikicin yake. Manomi ya zo da buhunsa, a ransa ya yanka masa kuɗi. Ɗan kasuwa ya duba, ya taya rabin haka. Manomin da ya san kayansa, ya san ya sha wahalar ban ruwa tun daga dashe, yana da rudu a gida da zai iya ajiye albasarsa har farashi ya tashi, sai ya ce "albarka", ya juya ga na gaba, ko gezau. Wanda za ka ji ya hau zagi shi ne mai ɗayan hali biyu: ko dai ya yanka kuɗin da kayan ba su kai ba, ko kuma bashi ya ci shi, ba shi da wani buhun, ba shi da gobe, tayin nan shi ne hukuncin shekararsa duka. Raini tayi ne da bai kai ba. Abin da yake haifar da tashin hankali shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya yanka wa kansa da abin da aka taya shi, da kuma ko yana da abin da zai koma kansa in ya ce albarka. Masu binciken Amurka na farko sun kalli mai tsawwala kuɗi, na biyu sun kalli wanda bashi ya ci. Labaran farko da aka koya mana a makarantar allo ma a nan suka tsaya: Iblis ya ga asalinsa ya fi ƙarfin sujada ga wanda aka yi da yumɓu, Ƙabila kuwa an karɓi hadayar ɗan'uwansa an bar tasa.

Birnin Ƙonni ya ga mai tsawwala kuɗi ido da ido. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa da Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine suke jagoranta ta iso bakin ganuwar garin, a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Kafin nan sun zubar da jini a Sansane Hausa a watan Janairu, sun gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu. Abin da suka yi wa Ƙonni har yau jikoki suna ba da labarinsa, suna nuna wuraren da aka binne mutane rami guda, kamar yadda aka gani a fim ɗin African Apocalypse na 2020. Waɗannan mutum biyu ba 'ya'yan talakawa ba ne da duniya ta wulaƙanta. Voulet ɗan likita ne, ya riga ya yi suna tun 1896 da ya ci Wagadugu. Chanoine ɗan janar ne, ubansa ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a 1898. Garin da ya rufe musu ƙofa, ko ya yi jinkirin kawo hatsi da 'yan dako, a wurinsu ya yi raini, kuma hukuncin raini wuta.

Ƙarshensu ne ya fi tona asirin ciwon. Wani laftana da suka kora daga rundunar ya rubuta abin da ya gani, labari ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓi ragamar. Klobb ya yi ta ratsa ƙauyuka ƙonannu har ya cim musu kusa da Tasawa. Voulet ya aika masa gargaɗin cewa kada ya matso. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori, Klobb ya matso cikin kakinsa, ya hana mutanensa harbi, Voulet ya ba da umarni aka harbe shi. Daga nan ya cire galansa, ya shaida wa sauran hafsoshi cewa shi ya bar zama Bafaranshe, shi yanzu sarkin baƙar fata ne, zai kafa daularsa. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsa na Afirka suka kashe Chanoine, suka kashe shi, kaburburansu suna Maijirgi. Mutumin da ya ƙone garuruwa da sunan tutar Faransa, ran da tutar ta taya shi ƙasa da abin da ya yanka wa kansa, ita ma ya harbe ta. A Faransa an yi ta cewa zafin ranar Afirka ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ranar nan dai ita ce take dukan mutanen Ƙonni tun kaka da kakanni.

Amma yawancin waɗanda ake kamawa da wuƙa a tashar Ƙonni ko Malbaza ba irin Voulet ba ne, kuma zalunci ne a auna su da shi. Su a ɗaya gefen suke, gefen wanda ba shi da wani buhun.

Hausa tana da kalma ɗaya da take ɗaukar talauci da fitina a lokaci guda: tsiya. Matsiyaci shi ne wanda ba shi da ko dala, shi ne kuma wanda ba a zama lafiya da shi. "Ya tsiyace" maganar aljihu ce, "ya yi mini tsiya" maganar hali ce. Ana iya cewa masu hali ne suka ƙirƙiro wannan haɗin don su ɓata talaka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ana kuma iya cewa kakanninmu sun lura da wani abu: wanda aka daɗe ana tayawa da arha fatarsa takan yi laushi, abin da wani zai yi wa dariya shi sai ya ji shi har ƙashi. Shi ya sa da suka tashi siffanta girman kai suka kira shi rawanin tsiya. Rawani ne, amma dubi kan da aka naɗa wa.

Ga kuma zuciya, wadda muke yi wa samari wasa da hankali da ita. Yaron da ya zauna gida ba sana'a, uwa za ta ce masa "ba ka da zuciya", uba ya ce zuciyarsa ta mutu, a nuna masa sa'o'insa da suka tafi bida Abijan ko Libiya suna aiko kuɗi. Mun koya masa cewa namiji sai da zuciya. Ran da ya fasa wa wani kai kuma, mu ce zuciya ce ta ɗebe shi, mu ce zafin zuciya gare shi. Kalmar da muka zuga shi da ita da safe ita muke tuhumarsa da ita da yamma, ba tare da mun taɓa zaunar da shi mun nuna masa iyakar da ke tsakanin zuciyar nema da zuciyar ramuwa ba.

Kuma hanyoyin neman sai ƙara tsukewa suke. Ƙonni gari ne da yake numfashi ta iyaka, tazarar 'yan kilomita ce tsakaninsa da Illelar Najeriya. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, ribar 'yan ruwa-ruwa da ke jera kwalabe a bakin titi ta zube. Masana'antar siminti ta Malbaza, da take nan tun shekarun 1960, ba za ta ɗauki ko kaso kaɗan na samarin da ke kallon hayaƙinta ba. Saurayin da ba shi da kuɗin sadaki yaro ne a idon gari ko ya kai shekara 30: ba a ba shi tabarma a taro, ba a neman shawararsa, ƙaninsa da ya yi aure ya riga shi zama mutum. Wurin da ya rage masa shi ne fada, inda ake dafa shayi ana kashe dare, abin da Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kansa a 2019. Sunan kansa abin lura ne. Waɗanda ba su da wurin zama a fadar sarki sun kafa tasu a bakin titi, da shugabanta da dokokinta.

Na taɓa ganin yadda abin yake tashi a irin wannan zama. Samari ne a kan benci da tabarma, butar shayi a kan gawayi, babura biyu na kabu-kabu a jingine. Ɗaya bai daɗe da dawowa daga Libiya ba, kuma kowa ya san yadda ya dawo, a bayan babbar mota, da 'yar jakar leda. Mai dafa shayi ya zuba na farko, ya miƙa kofi yana zagayawa, ya tsallake shi, ƙila ma ba da gangan ba ne. Wani ya ce, cikin raha, "A ba Alhajin Turabulus mana, ko ya saba da na can?" Aka kwashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ajiye wayarsa a hankali, ya ce, "Mi kac ce?" Muryarsa ƙasa-ƙasa. Nan take dariyar ta ɗauke, don kowa ya san wannan ba tambaya ba ce, ya ji sarai. Dama ce ta ƙarshe da ake ba mutum ya janye tayinsa. Allah ya taimaka mai maganar yana da hankali, ya ce, "Haba babban yaya, wasa nike, wallahi kai ka fi mu ganin duniya," ya karɓi kofin da hannu biyu ya miƙa masa. Da ya maimaita, da wani labarin ake yi.

James Gilligan, likitan ƙwaƙwalwa da ya shafe shekaru yana aiki a gidajen kason jihar Masacusets, ya rubuta a littafinsa na 1996 cewa in ya tambayi masu kisa dalilinsu, amsar da ya fi ji ita ce an raina su. Shi ya ɗora abin a kan kunyar da ta yi wa mutum yawa har ba shi da inda zai ɓoye ta. Nan ma sai Bahaushe ya tsaya ya rarrabe. Akwai kunyar da take hana ka, wadda ake cewa wane yana da ita. Akwai kuma wadda ake ba ka, a kunyata ka a bainar jama'a. Ta farko birki ce. Ta biyu kuwa, in ta sauka a kan wanda bai da ta farko, ko wanda tramol ya kashe masa ita, ita ce take zare wuƙa. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aisha Macky, na 2021, ya ga samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram, unguwar da aka ware tun da don kutare, suna ɗaga ƙarfe suna gina ƙirji, wata ƙungiyarsu har ta laƙaba wa kanta sunan Hitler. Ƙirjin nan amsa ce ga garin da ya daɗe yana kau da kai in sun wuce.

Al'adarmu ta tanadi fili guda inda namiji zai cika baki iya son ransa ba tare da an zubar da jini ba. A filin kokowa, ɗan kokowa yana fitowa da layu da guraye, ya tsaya gaban makaɗa ya yi kirarin da in a kasuwa ya yi shi sai an raba faɗa. Minti kaɗan bayan haka gwiwarsa ta taɓa ƙasa a gaban dubban mutane. Ya tashi, ya kakkaɓe rairayi, sau da yawa ma wanda ya kayar da shi ne zai ɗaga shi ya rungume. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, babu zakaran da bai taɓa shan ƙasa ba, kuma baɗi ya dawo. Ina ganin babban abin da kokowa take koyarwa shi ne yadda ake faɗuwa a gaban jama'a a kuma kwana lafiya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ma da kokowa ya yi misali, inda ya mayar da ƙarfin gaske ga mai mallakar kansa lokacin fushi.

A daji babu alƙalin wasa. Richard Nisbett da Dov Cohen, a littafinsu na 1996, sun yi bayanin cewa duk inda dukiyar mutum take tafiya da ƙafafunta, kuma hukuma take nesa, suna yakan zama shinge: in aka san ana taɓa ka a kwana lafiya, gobe babu garken. Sun gwada ɗaliban jami'ar Mishigan, aka bangaje su a lungu aka zage su, sai aka ga jinin 'yan kudancin Amurka, jikokin makiyaya, ya fi saurin tafasa. Wannan ya yi kama da abin da muke gani duk kaka, lokacin da dabbobi suke gangarowa daga arewa gero bai gama barin gona ba. Manomi yana ganin in ya yi shiru an mayar da gonarsa makiyaya. Makiyayi, wanda tarbiyyarsa ta ginu a kan kunya da haƙuri da jure bulalar sharo ba tare da ƙifta ido ba, yana ganin in ya bari an kama masa saniya an ci tararsa yadda aka ga dama, ya zama abin tatsa. A Toda ta jihar Maraɗi, a Oktoban 1991, mutum fiye da 100 suka mutu. A Bangi ta gundumar Madawa, maƙwabciyar Malbaza, mutum 18 a farkon Nuwamban 2016. Sai dai kada son fassara ya sa mu manta da ƙasa. Burtali ya tsuke, gonaki sun cinye mashaya, mutane sun ninka, kuma dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta haifar ba ko'ina suke da ƙarfi ba. Raini yana kunna wutar, amma karan da take ci tun da can a tare yake.

Akwai kuma wata hujja da take hana ni sakin jiki da duk bayanin da ya tsaya a kan wulaƙanci kaɗai. In da yawan raini ne yake sa kisa, da matan Adar sun cika gidajen kaso. Matar da miji ya tafi bida shekara uku ba aike, ga uwar miji, ga kishiya, ga surutun maƙwabta, ta sha rainin da ya fi na kowane ɗan fada. Abin da take yi shi ne habaici a bakin turmi, ko ta sa wa akuyarta suna mai harbi, in ta kai maƙura ta yi yaji a biyo ta da biko. An buɗe mata waɗannan ƙofofin, an kuma koya mata cewa bin su ba faɗuwa ba ne. Namiji ne aka gaya wa tun yana ƙarami cewa in an mare shi ya dawo gida da kuka za a ƙara masa. Ciwon ɗaya ne, maganin da aka rubuta wa kowa ne daban.

Dattawan da ke sulhu, daga fadar Sarkin Adar a Illelar Nijar har zauren mai gari mafi ƙanƙanta, sun san wannan lissafin ko ba su karanta Baumeister ba. Saurari abin da suke gaya wa wanda aka ɓata wa rai. Ba sa cewa "kai wane ne da ba za a taɓa ka ba". Cewa suke, "Malam, ka fi ƙarfin wannan. Girmanka ne. Dubi gidan da ka fito." Suna ɗaga masa farashi a gaban jama'a har ya kai inda zai iya yafewa ba tare da ya ji ya faɗi ba. Sannan a juya ga mai laifi a ce ya ba da haƙuri, ya durƙusa, ya cire hula in ta kama. Haƙuri a Hausa abu ne da ake bayarwa hannu da hannu kamar bashi, kuma da shi ake mayar wa mutum abin da aka ci nasa. Dabara ce mai kyau, ta kuma kashe gobara da yawa da ba a taɓa rubuta labarinsu ba.

Inda take ba ni tsoro shi ne ran da aka yi amfani da ita ga mai bindiga. Tsallaken iyaka kaɗan, a gabashin Sakkwato da Zamfara, jagororin 'yan bindiga sun iya wannan yaren sarai. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya shiga dazukan ya zauna da su, ya gabatar da laccarsa a kansu a 2021, kuma koke-kokensu sanannu ne: an sace mana shanu, 'yan sa-kai sun yanka mana dangi a kasuwa, alƙali da ɗan sanda sun tatse mu, ba a ɗauke mu mutane ba. Wasu daga cikin koken gaskiya ne. Amma matafiyan da aka ƙone cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar 2021 ba su ci mutuncin kowa ba, haka manoman da ake sa wa harajin girbi, haka Ba'amurken da aka ɗauke a Masallata kusa da Ƙonni a Oktoban 2020 don neman fansa. Raini ya zama jari. Wanda ya fara da neman a daina taka shi ya gano cewa tsoro yana sayen abin da ya yi kama da girma, kuma da araha: ana kiransa da laƙabi, ana yi masa waƙa, manya suna zuwa har inda yake su zauna a tabarmarsa. Bello Turji, ɗaya daga cikin jagororin nan, har wasiƙa ya rubuta wa shugaban ƙasa da gwamna da sarki a ƙarshen 2021, yana jera sharuɗɗa.

A watan Yuli na 2022 Sarkin 'Yandoton Daji a jihar Zamfara ya naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa tun 2020. Hujjar masu naɗin ita ce ta dattawan zaure: a girmama shi, ya ji an san da shi, ya bar mutane su yi noma. An yi bikin da rana tsaka, mutanensa suka shigo gari a kan babura suka koma daji lafiya. Da surutu ya yi yawa gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin. Hotunan naɗin dai sun riga sun shiga wayoyi, sun tsallako iyaka, an kalle su a fadojin Ƙonni da Malbaza da Illela, a hannun samarin da ake tsallakewa wajen rabon shayi.